Tsohon Matuƙi A Kujerar Dama

YARON da ke Dambam, a kan hanyar Azare zuwa Potiskum, ba ya ganin jirgin sama sai in ya ɗaga kai. Amma in ya ce shi ma zai tuƙa, kada a yi masa dariya, don kuwa a nan Azare aka haifi Sadique Abubakar a 1960, wanda ya tuƙa jirgi mai saukar ungulu, har ya shugabanci sojojin saman Nijeriya daga 2015 zuwa 2021. Abin tambaya shi ne, in yaron ya sami kuɗin makaranta, wa zai zauna kusa da shi ya koya masa?

Makarantar da ɗan Arewa ya fi sani ita ce ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai ɗalibi ya yi kamar awa 200 a sama kafin ya sami lasin ɗin tuƙi na neman abinci, kuma da yawa daga cikin awoyin nan yana tare da malami ne. Lasin ɗin zama kyaftin na babban jirgin fasinja kuwa awa 1,500 yake bukata. To, a nan gizo ke saƙa. Saurayi yakan karɓi aikin koyarwa don ya tara awoyi, da zarar sun cika sai kamfanin da ya fi biya ya ɗauke shi, ya bar ɗalibai suna jiran wani.

A ɗaya gefen kuma ga dattawa. Tun 2006 ƙa'idar duniya ta ba kyaftin damar tuƙa fasinja tsakanin ƙasashe har shekara 65, daga nan sai ya sauka. Amma ƙa'idar ba ta rufe masa ƙofar koyarwa ba. Muddin likita ya yarda da lafiyarsa yana iya tashi da ɗalibi, in kuma ido ya yi rauni, akwai aji, akwai na'urar kwaikwayon tuƙi da ke ƙasa. Kamfanin Nigeria Airways da ya durƙushe a 2003 ya bar irin waɗannan mutane da dama, kuma abin takaici ne a ce iliminsu ya ƙare a hira ƙofar gida.

Sai dai fa komawar ba sauƙi. Mutumin da ya yi shekara 30 a kujerar hagu, watau ta kyaftin, dole ya koma ɗalibi ya ci jarrabawar malanta, sa'an nan ya zauna a kujerar dama cikin ɗan ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, kujeru huɗu. Albashin bai kama ƙafar na da ba. Abin da ya fi wuya ma shi ne riƙe hannu. Yana gani yaro ya karkace wajen sauka, ga nasa sitiyari a gabansa, amma dole ya yi haƙuri yaron ya gane kuskurensa, kada ya karɓe da wuri, kada kuma ya makara. Wanda ya sha sauka Kano cikin hazon hunturu shi ya fi sanin tazarar da ke tsakanin biyun.

Ranar da ɗalibi zai fara tashi shi kaɗai, malamin ne ke yanke hukunci. Sai ya buɗe ƙofa ya fita, ya tsaya a ƙasa yana kallo har jirgin ya kewayo ya sauka.