Kwarashi da Kibiya: Ta Ina Mai Koyon Saƙa Zai Fara?

Hausa tana kiran aikin kwarashi da na kibiya biyu da suna ɗaya, wato saƙa, alhali hanyoyin sun bambanta. Rashin sanin bambancin kan jawo asarar zare da lokaci.

A saƙar kwarashi, zoben zare ɗaya ne kawai ke buɗe a kan ƙugiya. In an yi kuskure, sai a warware zuwa wurinsa, a ci gaba. Shi ya sa mayafi mai kusurwa uku ya dace da mai koyo: ana farawa da zobba kaɗan, ana ƙari a kowane layi, kuma ba ya buƙatar awon jiki.

A saƙar kibiya kuwa, dukan zobban layi a buɗe suke. Ɗaya ya zame, yana iya warwarewa har ƙasa. Suwaitar lokacin zafi tana son zaren auduga maimakon ulu, da kibiya mai ɗan kauri domin iska ta ratsa. Auduga takan sauya girma bayan wanki. Saboda haka ana fara saƙa ɗan gwaji, a wanke, a ƙirga zobban da ke cikin santimita 10, sannan a soma rigar.