Wat 5000 a Kwali, Amfiya 40 a Gindi

A rumfar wani mai wayarin mota da ke Djougou na ga abin da idona. Wani matashin direba ɗan Sérou, mai jigilar fasinja zuwa Parakou, ya shigo rungume da kwali kamar wanda ya ɗauko jariri daga asibiti. An zana walƙiya a jikin kwalin, an rubuta 5000W da jan rubutu mai faɗin tafin hannu. Ya ce, "Maigida, dubu biyar ce cif. So nake in na shigo tasha kowa ya san na iso." Mai wayarin, wani dattijo da tabarau ɗaure da zare, ko kallon kwalin bai yi ba. Ya zaro amfilifayar, ya juya gindinta, ya sa farce ya ciro fis guda ɗaya mai ruwan goro, ya ɗaga shi sama. An rubuta 40 a kansa. Ya ce, "Ƙanena, ga ƙarfinta nan. Sauran suna jikin kwali, ka adana shi da kyau."

Nan take gardama ta kaure tsakanin mazauna rumfar, kowa da abin da ya ji a tasha ko a kasuwar Arzèkè ta Parakou. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa shaci-faɗi ne da aka daɗe ana maimaitawa har suka yi gemu.

Dattijon ya fi kowa gaskiya, kuma lissafinsa bai wuce a yi shi da tsinke a ƙasa ba. Amfilifaya ba ta haifar wuta. Abin da ta sha daga batir da altaneta, wato injin da ke cajin batir, shi take juyawa ta tura wa lasifika, kuma ba duka take mayarwa ba, wani kaso zafi yake zama. Idan injin mota na aiki, wutar takan kai volt 14.4. Ninka wannan da amfiya 40 na fis ɗin, ka sami wat 576. Iyakar abincinta ke nan. Idan tsohon samfuri ce, wanda ake kira rukunin AB, rabi ko kashi 60 cikin 100 ne ke isa lasifika, wato wat 300 zuwa 350. Idan sabon samfurin rukunin D ce, mai mayar da kusan kashi 80, za ta iya kai 460. Gaskiya ne fis ba ya tsinkewa da zarar an ɗara lambarsa, kuma kiɗa ba ya jan wuta a miƙe, bugu-bugu yake yi, don haka a yi mata ƙarin ɗari ɗaya ko biyu don adalci. Duk da haka tsakaninta da 5000 akwai tafiyar kwana da kwanaki.

A juya lissafin ta ɗaya gefen. Kafin amfilifaya ta fitar da wat 5000 na haƙiƙa, sai ta ja sama da amfiya 430. Ƙananan motocin da ake sayowa daga Kwatano, irin su Corolla, altanetarsu amfiya 80 zuwa 100 take bayarwa, kuma a cikin hakan fitilu da fankar lagireto da famfon mai duk suna da rabonsu. Wat 5000 aikin janareta ne mai riƙe gida guda da firiji da fankoki. Wanda ya ce ya samo shi daga siririyar waya da fis ɗaya, sai a tambaye shi inda ya ɓoye janaretan.

To daga ina lambar ta fito? Wani a rumfar ya ce ƙarya ce tsagwaronta, masu kamfani ne kawai suka ga dama suka rubuta. Wani lokaci haka ne, amma galibi dabarar ta fi haka laushi. Akwai ma'auni iri-iri, kuma duk da "wat" ake kiransu. Wanda ake dogara da shi shi ne wanda ake rubutawa RMS: ƙarfin da na'urar za ta riƙe tana aiki babu tsayawa, sauti bai fashe ba. Akwai wanda ake rubutawa Max ko Peak, wato tsinin da za ta taɓa na ƙiftawar ido, wanda a lissafi ninki biyu ne na na farko. Sai kuma PMPO, wanda babu wata ƙa'ida da aka amince da ita wajen auna shi, kowa da mudunsa. Kamar mai awo ne ya ce maka buhu ɗari yake sayarwa, bai gaya maka buhun nasa bai fi aljihun riga ba.

Rigimar tsohuwa ce. Tun 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta kafa dokar da ta tilasta wa masu ƙera amfilifaya faɗin ƙarfin da na'ura ke riƙewa a miƙe, amma kayan sauti na gida dokar ta shafa. Na mota suka ci gaba da cin karensu babu babbaka, har zuwa 2003 lokacin da ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta can ta fitar da ƙa'idar CEA-2006. Bayan ƙungiyar ta sauya suna a 2015 ake kiranta CTA-2006. Sharuɗɗanta a fili suke: a auna a kan volt 14.4, da lasifika mai om 4, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, kuma gurɓatar sauti kada ta wuce kashi 1 cikin 100. Sai dai bin ta ganin dama ne, ba a kama kowa don ya ƙi. Idan ka ga lambar wat tsirara, babu volt, babu om, babu kason gurɓata a gefenta, ba ta gaya maka komai ba.

Misali mafi kusa yana gaban kowace mota. Rediyon da aka rubuta wa 50W x 4 ba ya ba da hamsin. Ninka 14.4 da kanta, ka raba da om 4 na lasifika, za ka sami 51 da ɗoriya: daga nan hamsin ɗin ta fito, tsini ne na takarda. Manyan kamfanoni irin su Pioneer sukan rubuta gaskiyar da ƙananan haruffa a littafin na'urar, wat 14 ga kowace lasifika bisa waccan ƙa'ida, ko 22 idan aka sassauta ma'aunin.

Daga nan wani ya zarce ya ce ai duk wata babbar lamba ƙarya ce, babu amfilifayar mota mai wat dubbai. Wannan kuma ya wuce gona da iri. Akwai su. A Brazil, inda ake jera lasifikoki kamar bango a bayan mota, kamfanoni irin su Taramps da Stetsom da Soundigital suna ƙera na'urorin rukunin D masu fitar da wat dubbai na gaske, galibi a kan om 1 ko 2. Amma leƙa but ɗin motar da ke ɗauke da su. Za ka tarar da jerin batura, da wayoyi masu kaurin babban yatsa, wani lokaci da altaneta ta biyu, ko caja da ake jonawa da wutar gida idan motar na tsaye. Sun biya kuɗin wutar kafin su ji ƙarar.

Maganar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta wani tsohon direba, wanda ya rantse cewa kayan da sun fi na yanzu amana, an rubuta musu kaɗan amma suna ba da yawa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai dalilin ba tsoron Allah ba ne. A shekarun 1980 da 1990 gasar kiɗan mota ta yi tashe a Amurka, kuma ana raba 'yan gasa rukuni-rukuni bisa ƙarfin da aka rubuta wa na'ura a kan om 4. Sai wasu kamfanoni suka riƙa ƙera amfilifaya mai ƙaramar lamba wadda idan aka jona mata lasifikoki da yawa, om ya sauka ƙasa sosai, sai ta fitar da ninkin-ba-ninkin. Orion HCCA 225, da aka rubuta wa wat 25 sau biyu, ita ce gagarabadau a wannan fanni, kuma Punch 45 ta Rockford Fosgate ta yi suna irin haka. Wayo ne na shiga rukunin yara da ƙarfin manya. Abin da na yaba wa Rockford Fosgate shi ne takardar awon da take sakawa a kwalin yawancin amfilifayoyinta, mai nuna abin da ita wannan na'urar ta bayar ranar da aka gwada ta. Mutanenmu kuwa sun riƙe sunan sun manta da takardar, kuma a nan 'yan jabu suke samun shiga. Suna fenti ne a jikin ƙarfe, kuma babu abin da ya fi shi sauƙin kwaikwaya. Jabu takan tona kanta a wuraren da mai saye ba ya dubawa: ramin da ake cusa wayar batir ƙarami, fis ƙarami, babu lambar shaida, littafin cike da kurakuran rubutu.

Batun ɗaga na'ura a hannu a ji nauyinta, wannan ma'aunin jiya ne. Ya yi aiki a zamanin rukunin AB, mai buƙatar katon ƙarfen sanyaya jiki. Ta rukunin D mai girman littafi tana iya kayar da tsohuwa mai nauyin bulo.

Inda kowa a rumfar ya yi kuskure, har da ni kafin in bincika, shi ne zaton cewa ninka wat ninka ƙara ne. Kunne ba haka yake lissafi ba. Idan ka tashi daga wat 300 zuwa 600, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙara, ɗan bambancin da za ka ji amma ba za ka yi tsalle ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Shi ya sa mai tallar magani da ke zagaya ƙauyuka da lasifikar ƙaho a kan rufin mota yake cika kasuwa da murya da abin da bai fi wat 30 ba. Ƙahon nan yana iya ba da sama da desibel 100 daga wat ɗaya tak, ita kuwa babbar lasifikar gangar mota da ƙyar take haura 85 zuwa 90. Ingancin lasifika da akwatin da aka ƙera mata sun fi lambar amfilifaya tasiri, amma ba a zana musu walƙiya a kwali.

Akwai masu cewa ƙaramar amfilifaya ce ke ƙona lasifika. Ƙarancin wat shi kaɗai bai taɓa ƙona komai ba, da haka ne da duk wanda ya rage murya ya yi asara. Abin da ke faruwa shi ne a matsa wa ƙaramar na'ura ta ba da abin da ba ta da shi, sai ta riƙa gutsure kan sautin, ƙarar ta koma kamar ana yaga tsumma, naɗin wayar cikin lasifika ya ɗau zafi har ya ƙone. Mai laifin yawanci ɗan maɓallin nan ne da aka rubuta wa Gain, wanda yara ke murɗawa har ƙarshe suna zaton na ƙara murya ne. Aikinsa daidaita na'urar da ƙarfin siginar rediyo ne kawai.

Kwalbar nan mai fitilu da ake kira kafasita ma ba ta ƙara wat ko ɗaya. Mai farad 1 a kan volt 14 abin da ta tara bai kai ya riƙe na'urar wat 1000 na daƙiƙa guda ba, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne, shi ma da an tatse ta ƙarƙaf. Waya kuwa a kankare ta da wuƙa kafin a biya. Idan ciki fari ne, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, kuma kusan kashi biyu cikin uku na abin da tagulla zalla ke ɗauka yake ɗauka. A zafin watan Maris da Afrilu na arewacin Benin, da ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan iska, irin wannan wayar da amfilifayar da aka cusa ƙarƙashin kujera su ne ke sa kiɗa ya yanke ana tsakiyar rakiyar amarya. A tuna kuma tun 2022 gwamnatin Benin ta fitar da dokar ƙayyade hayaniya, kuma masana lafiyar ma'aikata sun ce a desibel 100 minti 15 a rana ne iyakar abin da kunne ke ɗauka lafiya. Direban da ke wuni a hanya shi ya fi kowa kusa da lasifikar.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, dattijon ya ce gani ya kori ji, ko da yake a nan ji ɗin ma ake saye. Ya jona na'urar da lasifika mai om 4, ya sa yaronsa ya tayar da mota, ya kunna wani sauti mai gunji iri ɗaya daga wayar salula, ya ɗora mitarsa a bakin wayoyin lasifika. Ya riƙa ƙara murya a hankali har gunjin ya fara karcewa, sai ya ɗan ja baya. Mita ta tsaya a volt 34. Ya rubuta 34 sau 34 a bayan kwalin, ya raba da 4, ya ja layi ƙarƙashin 289. Ya ce wannan ma kiyasi ne, domin om ɗin lasifika yakan hau idan tana motsi, don haka ainihin abin zai iya gaza haka.

Matashin direban ya daɗe yana kallon lambar. Gilasan motar dai suna karkarwa, har wata mai sayar da wara da ke wucewa ta waiwayo. Ya ce, "Maigida, ɗaura min ita haka. Amma don Allah wannan lissafin ya tsaya a rumfar nan." Ya ɗauki kwalin, ya juya gefen da aka yi lissafin ƙasa, ya kwantar da shi a bayan kujera inda 5000W za ta riƙa leƙowa ta gilashi.