Maganin Ƙwannafi Da Ƙwayar Ƙarin Jini

Sau da yawa mai juna biyu takan haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da aka ba ta wurin awo, ta bi ta da farin maganin nan na ƙwannafi. To, shi farin maganin yakan riƙe sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar, ya hana jiki amfana da shi. Sai ki ga ana ta shan magani, jiri da kasala suna nan, ga haihuwa na matsowa ba isasshen jini.

Ki raba su da aƙalla awa 2. Ke ma 'yar makaranta mai shan maganin olsa, ki kiyaye, tun da jini na raguwa kowane wata. In ƙwannafin ya ƙi lafawa, sai a ga likita.