Haƙorin Yaro Ya Daina Ciwo: Ya Warke Ke Nan?

Uwargida, yaronki ya kwana uku yana kukan haƙori, sai ciwon ya lafa da kansa. Kada ki saki jiki. Sau da yawa jijiyar haƙorin ce ta mutu, ruɓar kuwa ta gangara saiwa. Duba dasashinsa: ƙurji mai mugunya alama ce.

Iyaye sukan ce mana, "Ai haƙorin nono ne, zai faɗi." Na gaba sukan fara faɗuwa wajen shekara 6, amma turame sai shekara 10 zuwa 12. Haƙorin girma yana kwance a ƙarƙashinsu, mugunya tana iya ɓata shi tun bai fito ba.

In kin kawo shi da wuri, likitan haƙori zai yi allurar kashe zafi, ya kankare ruɓar, ya cire ɓangaren jijiyar da ya kamu, ya cike ramin. In an makara sai cirewa, haƙoran gefe kuma su karkato su tare wa sabon hanya.

Paracetamol rage zafi kawai yake yi. Kada ki cusa aspirin ko ruwan batir a ramin, suna ƙona dasashi. In kumatu ya kumbura, ga zazzaɓi, ku zo asibiti ranar nan, ko da dare ne.