Tsamiya a Madadin Ƙuli-ƙuli: Kwaɗo ga Wanda Gyaɗa Ba Ta Karɓe Shi Ba

Gabatarwa

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasashen Ƙaura, Zurmi da Shinkafi, har ƙuli-ƙuli ya zama ginshiƙin kwaɗon zogale da na rama. Amma Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Akwai waɗanda da zarar sun ci gyaɗa sai borin jini ya taso musu, leɓe ya kumbura, wani lokaci ma numfashi ya sarƙe, abin da kan kai ga rasa rai. Manufar wannan ɗan bayani ita ce nuna yadda tsamiya za ta tsaya musu a madadin ƙuli-ƙuli.

Yadda Ake Haɗawa

Asalin itacen tsamiya daga Afirka yake, ko da yake Larabawa na kiran 'ya'yansa dabinon Indiya. Indiyawa kuwa sukan dafa tsamiya da dabino da mazarƙwaila ta yi kauri, su riƙa dangwala abinci a ciki. Duk waɗannan kayan muna da su.

Da farko a ɓare tsamiya cike da tafin hannu, a jiƙa ta a ruwan zafi har ta yi laushi, a murje, a tace. Sai a zuba dabino bakwai da aka cire wa ƙwallo, da ɗan mazarƙwaila, da citta da gishiri. A dafa a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya yi kaurin kunu. Idan ya huce, sai a kwaɗa dafaffen ganye da shi.

Abubuwan Kiyayewa

Na ɗaya, kada a daka kayan a turmin da aka daka ƙuli-ƙuli, domin ɗan ɓurɓushi ya isa ya ta da cutar. Na biyu, a guji yajin tsire, saboda da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Na uku, a wurin masana tsirrai tsamiya da gyaɗa dangi ɗaya ne; don haka wanda ciwonsa ya tsananta ya nemi shawarar likita tukuna. Haka kuma mai ƙwannafi ya rage, domin tsami kan tayar masa da shi.

Kammalawa

Ashe ke nan tsamiyar da muka saba gani a kunun azumi tana iya mayar da wanda gyaɗa ta kora cikin 'yan'uwansa a akushi ɗaya.