2.3 Ra'ayoyin Masana Falsafa Game da Neman Ilimi a Duniyar Kwamfuta

Abin da ake nufi da duniyar kwamfuta a wannan nazari shi ne wani fage da ake ƙerawa cikin na'ura, mai ɗauke da azuzuwa da ɗakunan gwaji, inda ɗalibi zai shiga ta intanet da wata sura mai wakiltarsa. Misali shi ne Second Life, wanda kamfanin Linden Lab ya buɗe a 2003, har wasu jami'o'in Amurka da Ingila suka riƙa koyarwa a ciki. Tambayar da masana suka yi ta tofa albarkacin bakinsu a kai ita ce: shin ilimi yana cika ba tare da malami da ɗalibi sun haɗu ba?

2.3.1 Masu Goyon Baya

Waɗannan sukan kafa hujja da ra'ayin John Dewey (1916) cewa mutum yana koyo ne ta hanyar aikatawa, duk da cewa shi bai riski wannan fasaha ba. Alal misali, ɗalibin Jami'ar Sufuri ta Daura, wadda aka aza harsashinta a 2019, zai iya gwada sarrafa jirgin ƙasa a cikin kwamfuta, ya yi kuskure ya sake, ba tare da an yi asarar rai ko dukiya ba.

2.3.2 Masu Suka

Hubert Dreyfus (2001) yana ganin ƙwarewa ba ta samuwa sai ɗalibi yana wurin da jikinsa, yana kallon gwani, kuma yana fuskantar kasada. A ganinsa, kuskuren da bai jawo wa mai shi kunya ko asara ba, da wuya ya zauna a zuciya. Ke nan abin da rukunin farko ya ɗauka fa'ida, shi ne Dreyfus ya ɗauka naƙasu.

2.3.3 Mahangar Bahaushe

A makarantun zaure na ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, ana ɗaukar karatu ne daga bakin malami. Ɗalibi yana biya littafi, malami yana gyara masa, yana kuma lura da ladabinsa kafin ya ba shi ijaza. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ake karantawa a irin waɗannan zaurukan, ya ba zaɓen malami da girmama shi muhimmanci ƙwarai. Wato a wurin Bahaushe, ilimi ya ƙunshi sani da tarbiyya da kuma shaidar wanda ya ga ɗalibin da idonsa, domin gani ya kori ji.

Sai dai rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda cutar korona ya nuna cewa haɗuwar ba kullum take yiwuwa ba. Haka kuma ɗalibin da ke ƙauyukan Baure ko Sandamu ko Zango, wanda ba ya da tabbacin lantarki da kuɗin data, ana iya barinsa a baya.

A taƙaice, duniyar kwamfuta ta dace da bita da gwaji, amma shaidar ƙwarewa sai a gaban malami. Sashe na gaba zai duba kalmomin da Hausa ta aro ko ta ƙirƙira domin wannan fage.