Yadda A Ke Sa Waƙa Cikin Silima

Tun da aka buɗe tashar talabijin ta MTV a Amurka cikin 1981, ya zama tilas mawaƙi ya gamsar da ido, ba kunne kaɗai ba, don kada mai kallo ya sake tasha.

Cikin 1983 Michael Jackson da John Landis, gwanin shirya silima, suka yi hoton waƙar Thriller, kusan minti 14. Dabararsu ita ce saka waƙa cikin labari: saurayi yana raka budurwa da dare, sai ga matattu suna fitowa daga kaburbura. A kan nuna fuskar yarinyar dab da dab, don tsoronta ya kama mai kallo, sa'an nan a ja baya a nuna rawa. Wanda ya soma kallo, da wuya ya tashi bai ga ƙarshe ba.